Malamata ta zagaye ayoyin kundina da jan biro

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu, ina digiri na biyu a fannin kiwon lafiyar al'umma. Bincikena a kan shayarwa ne, ina neman dalilin da ya sa mata a wasu unguwanni uku na garinmu ba sa ba jarirai nono zalla har wata shida. Na buɗe kowane babi da aya. A babi na biyu na kawo ayar Baƙara mai maganar shayarwa shekara biyu a matsayin hujjar cewa nono zalla shi ne daidai, na haɗa da wani hadisi da aka turo mana a zauren WhatsApp na Islamiyya, mai cewa uwa tana da lada a kan kowane tsotso da jariri ya yi. Malamar da ke duba aikina likita ce, kuma Kirista ce. Ta dawo mini da babin ta zagaye ayoyin duka da jan biro. A gefen ayar shayarwa ta rubuta cewa wannan ba hujjar kimiyya ba ce, a gefen hadisin ta rubuta "daga ina?", sannan ta ce in cire ayoyin farkon babi da salatin da nake sa wa bayan sunan Annabi. A gaban abokan karatuna ta ce kundi muke rubutawa, ba huɗuba ba. Ranar da kuka na isa gida. Mahaifina limami ne, ya ce kada in kuskura in goge maganar Allah don neman takardar duniya. Maigidana ya ce in cire komai in gama in huta. Wata ƙawata kuma ta ce ƙiyayyar addini ce ƙarara, in kai ƙara, in sanar da ɗalibai Musulmi. Saura wata biyu in kare kundin. In na cire, na yi zunubi? In na ƙi, wahalar shekara uku ta tashi a banza. Don Allah ki ba ni shawara.

Ƙanwarki da ke cikin damuwa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma tun a karon farko na gane inda abin ya soke ki. Mu da aka raina a gidajen da in yaro ya ga takarda mai rubutun Larabci a ƙasa sai ya tsuguna ya ɗauka, ya karkaɗe ta, ya cusa a ramin katanga, ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu mu ga jan biro ya kewaye aya. Kafin ki karanta abin da aka rubuta a gefe, gabanki ya riga ya faɗi. Maganar huɗuba da ta yi a bainar jama'a kuwa ta yi kaushi, ba zan yi mata kwaskwarima ba. Gyaran ɗalibi a ofis ake yinsa, ƙofa a rufe, balle babbar mace mai iyali. Amma ki share hawayenki ki ɗauko babin nan mu duba tare, domin abu uku malamarki ta rubuta, kowanne da nasa hukuncin. Ke kin tara su wuri guda kin kira su goge maganar Allah, da wannan sunan kuma labarin ya isa kunnen Baba, shi ya sa ya ba ki amsar da duk wani limami zai bayar.

Mu fara da "daga ina?" Wannan tambaya ta gidanmu ce, malaman hadisi sun fi shekara dubu suna yin ta. Abdullahi ɗan Mubarak, wanda ya rasu a shekara ta 181 bayan hijira, ya ce isnadi, wato jerin mutanen da suka ruwaito hadisi ɗaya daga ɗaya, yana cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Imamu Muslim ya kawo wannan magana a gabatarwar Sahihinsa, tare da ta Ibn Sirin da ke cewa ilmin nan addini ne, ku duba a hannun wa kuke karɓar addininku. Hadisin da kika kawo na san shi, yana yawo ƙwarai a wayoyin mata, musamman cikin saƙon barka da haihuwa. Ba ya cikin Bukhari, ba ya cikin Muslim, malaman da suka bi isnadinsa sun soke shi, wasunsu ma sun lissafa shi cikin ƙagaggun hadisai. Kin kuma san gargaɗin da ya zo a Bukhari da Muslim a kan wanda ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙarya da gangan. Ke ba da gangan kika yi ba, da kyakkyawar niyya kika kwafo, amma da an ɗaure kundin nan da bango an ajiye shi a ɗakin karatu, ɗalibai na baya za su riƙa kwafa daga gare ki suna cewa ai a kundin digiri na biyu suka gani. A wannan gaɓar malamarki ta tsare miki mutunci, ta kuma tsare miki addini, ko ta sani ko ba ta sani ba. Ki kwatanta da a ce a ranar kare kundi ne mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a, wanda ya san hadisi, ya ɗago kai ya tambaye ki wa ya ruwaito shi.

Yanzu ayar, wadda ita ce ta fi tsaya miki a rai. Ki yi alwala ki buɗe Baƙara aya ta 233, ki karanta ta har ƙarshe, a hankali. Ta ce iyaye mata su shayar da 'ya'yansu shekara biyu cikakku, ga wanda ya so ya cika shayarwa. Ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita gwargwadon hali. Ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta, ko uba saboda ɗansa. Ta ce in ma'auratan sun so yaye bisa yarda da shawara a tsakaninsu, babu laifi, in kuma sun so ɗaukar wata ta shayar, shi ma babu laifi. Aya ce mai faɗi, mai tausayin mace. Amma ki duba da kyau, a cikinta an ambaci ruwa? An ambaci kunu ko koko? An ce wata shida? Ayar tana magana a kan tsawon lokacin shayarwa, ke kuma tambayarki ita ce ko a haɗa wa jariri wani abu da nono a watanninsa na farko. Uwar da ke ba ɗanta ruwa tun ranar suna, ta kuma shayar da shi shekara biyu, ba ta saɓa wa lafazin ayar nan ba. Saboda haka da kika rubuta cewa ayar ta tabbatar da nono zalla, kin ɗora mata kayan da ba ta ɗauka ba. Wannan ya fi damuna fiye da jan biron, kuma na tabbata in kika zauna da Baba kuka karanta ta tare zai ga haka, don malamai sun fi kowa tsoron a ce Allah ya ce alhali bai ce ba.

Ga wani abin kuma. Shawarar nono zalla na wata shida ta Hukumar Lafiya ta Duniya ce, kuma a shekarar 2001 ta tsaya a kan shidan. Kafin nan wata huɗu zuwa shida take cewa. An canza ne bayan an tattara binciken da aka yi a kan gudawa da girman jarirai aka auna. Haka ilmin likitanci yake, ana gwadawa, ana ƙirgawa, ana gyarawa, gobe ma in sabuwar hujja ta fito za a sake gyarawa. A ce wata ɗaliba a 1995 ta rubuta cewa Alƙur'ani ya tabbatar da wata huɗu, yau ina za ta sa kanta? Duk abin da kika sa a gurbin hujjar kimiyya cikin kundi, kin ba mai jarrabawa izinin ya ƙalubalance shi, ya ce a kawo alƙaluma, ya ce wani bincike ya rushe shi. Ke da kanki ba za ki so a yi wa aya haka ba. Da malamarki ta ce wannan ba hujjar kimiyya ba ce, abin da take nufi shi ne wannan gurbin na abin da ake aunawa ne a musanta. Gurbin ne bai dace da ayar ba.

To ina ne gurbinta? Yana nan cikin kundinki, babba ma kuwa, kuma ina ganin har yanzu ba ki lura da dukiyar da ke hannunki ba. Bincikenki a kan mata ne, abin da suke yi da dalilin da ya sa suke yinsa. Ki koma kan hirarrakin da kika ɗauka. Na san irin abin da za ki tarar: kakar da ke cewa jariri ma ɗan Adam ne, a zafin bazara a hana shi ruwa ai zalunci ne; wadda ke ɗiga wa jinjiri zamzam ko ruwan rubutu tun kafin ya kama nono; wadda ke matse dakashi ta zubar don an ce mata ba shi da kyau; uban da ya tauna dabino ya shafa wa jariri a ganɗa saboda sunna; mai jegon da ta ce ita dai shekara biyu ta ji a tafsirin azumi, wata shida kuwa zancen asibiti ne. Duk waɗannan addini da al'ada ne a cakuɗe, kuma ba za ki iya warware wa mai karatu su ba sai kin nuna masa abin da nassi ya faɗa da abin da mutane suka fahimta. A nan aya ta zama dole. Likitar da ke son ta san me ya sa saƙon asibiti ba ya shiga a unguwannin nan tana bukatar ta san Baƙara 233, da Luƙman aya ta 14 mai cewa yayensa a cikin shekara biyu ne, da Ahƙaf aya ta 15 mai haɗa ciki da yaye a wata talatin.

Shawarata ita ce ki buɗe ƙaramin sashe a babi na biyu a kan shayarwa a koyarwar addinin mutanen da kike nazari. Can za ki tara ayoyin, ki faɗi abin da suka ƙunsa, ki kawo bayanin malaman tafsiri da sunan littafinsu. Sai ki gyara ginin jimlolinki. Maimakon ki ce tunda Allah ya ce kaza to nono zalla ne daidai, ki rubuta cewa Alƙur'ani a sura ta 2 aya ta 233 ya ambaci shekara biyu a matsayin cikar shayarwa, kuma mata kaza cikin waɗanda aka yi hira da su sun kafa hujja da wannan ayar. Hujjar nono zalla kuma ki kawo ta daga binciken likitoci. A babin tattauna sakamako sai ki haɗa su: Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma tana cewa a ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye, a nan saƙon asibiti da na masallaci sun yi kafaɗa da kafaɗa, kuma ayar da ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa ƙofa ce da ma'aikatan lafiya za su bi su shigo da maza cikin maganar. Wannan shawara ce da ba kowane mai bincike zai iya kawowa ba, sai irinki da ta tashi a gidan malamai. In kuma cikin matan da kika yi hira da su akwai Kiristoci, ki yi musu adalci iri ɗaya, ki tambayi abin da suke dogara da shi. Labarin Hannatu da yayen ɗanta yana cikin Littafi Mai Tsarki na Kiristoci, a babi na farko na littafin 1 Sama'ila, kuma yadda kike kawo sura da aya haka ake kawo nasu.

Sai yadda ake rubuta madogarar, wanda a nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. Aya ba a ambatonta da lambar shafi, da lambar sura da ta aya ake yi, don shafi yana canzawa daga bugu zuwa bugu. Tunda da Ingilishi kike rubutu, abin da za ki sa a kundin fassara ce, fassara kuwa aikin mutum ce mai suna da shekara. Ki zaɓi guda ɗaya ki tsaya a kanta daga farko har ƙarshe, ko ta Abdullah Yusuf Ali, ko ta Abdel Haleem da maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta buga a 2004, ki kuma faɗi wadda kika ɗauka a karon farko da kika kawo aya. Kada ki tsinto wannan daga manhajar waya, waccan daga kalandar bango. In wata mata ta karanto miki ma'anar aya da Hausa, wataƙila daga tarjamar Shaihu Abubakar Gumi ko daga bakin mai tafsirin unguwarsu, ki fassara maganarta yadda ta faɗe ta a matsayin tata, ko da ta yi kuskure, sannan ki nuna lafazin ayar daban. Kuskuren nata ma sakamakon bincike ne.

Akwai wani tarko da ya shafe mu musamman. Yawancin Alƙur'anan da ake bugawa da ruwayar Hafsi suna bin ƙirgar mutanen Kufa, wadda ta ba da aya 6,236, Baƙara kuma 286. Da dama daga cikin na ruwayar Warshu, wadda da ita aka yi wa iyayenmu karatun allo, ƙirgar Madina suke bi, Baƙara a can 285 ce. Kalmomin suna nan, wurin tsayawar ƙirga ne ya bambanta, sai lambar aya ta ja baya kaɗan. In kin duba a Alƙur'anin Baba kin ga lambar ba ta yi daidai da tawa ba, dalilin ke nan. A kundi ki bi ƙirgar Kufa, don ita ce fassarorin Ingilishi na yanzu suka fi bi, ki kuma faɗi haka a layi guda.

Game da jerin manazarta, ki nemo littafin ƙa'idojin rubuta kundi na makarantarku ki ga wane tsari suke bi. In tsarin APA ne, wato ƙa'idojin rubuta madogara na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, ki lura da bugun. Bugu na 6 cewa ya yi littattafan addini a cikin rubutu kawai ake ambatonsu, ba sa shiga manazarta. Bugu na 7, wanda ya fito a ƙarshen 2019, ya canza: yanzu ana jera su kamar sauran littattafai, a fara da sunan littafin, sai mai fassara, sai shekara da maɗaba'a, a cikin rubutu kuma a sa sura da aya a madadin shafi. Malamai da dama har yau tsohon bugun ke kansu, don haka ki tambayi malamarki wanne take so kafin ki wahalar da kanki. Ko ba komai, wannan yana nuna miki cewa waɗanda suka tsara ƙa'idojin rubutun ilmi sun tanadi yadda za a kawo Alƙur'ani da Littafi Mai Tsarki, da an haramta kawo su da ba a tanada ba. Hadisi kuma ki ba shi cikakken adireshinsa: wanda ya tattara, sunan kitabi da babi, lamba, da bugun da kika duba, domin lambobi suna saɓawa tsakanin bugu da bugu. In ba daga Bukhari ko Muslim yake ba, ki faɗi matsayinsa da malamin da ya yanke masa hukuncin.

Maganar salati, na san tana da nauyi a zuciya. Malaman hadisi sun kwaɗaitar da a rubuta shi cikakke duk inda sunan Annabi ya zo, har Ibnus Salah ya ƙi a taƙaita shi da haruffa. Amma shi ɗin ya kawo cewa an ga rubutun hannun Imamu Ahmad ɗan Hambali a wasu wurare babu salatin, kuma Khaɗib na Bagadaza ya ce labari ya iske shi cewa da baki yake yi. Ki fara roƙon malamarki ta bar miki shi, ki nuna mata cewa marubuta Musulmi da yawa suna sa shi a ayyukan ilmi. In ta ce yawan maimaitawar ne matsala, ki rubuta shi cikakke a karon farko, tare da ɗan bayani a ƙasan shafi cewa ana nufinsa a duk inda sunan ya sake zuwa, harshenki kuma babu mai riƙe miki shi duk sanda kika rubuta ko kika karanta. Ki kai wa Baba wannan ya duba miki, fagensa ne.

Ayoyin farkon babi kuwa, ni da kaina zan ce ki sauke su, kuma dalilina daban yake da nata. Wata rana na tsaya sayen ƙosai a bakin wata makaranta, yarinyar ta naɗe mini a takarda. Sai da na zo gida na ga shafi ne na kundin wani ɗalibi, da aya da Larabci a samansa, mai ya jiƙe ta har ana hango yatsana ta baya. Ranar ban iya cin ƙosan nan ba. Kundi kafin ya kammala ana buga shi sau biyar, sau shida, kwafi na yawo daga ofis zuwa ofis, wani a bayan mota, wani a ƙasan tebur, ƙarshenta a sayar wa masu awo. Ga kuma kwamfutocin shagunan buga takardu da ke wargaza haruffan Larabci, su raba su ɗai-ɗai ko su juya su baibai, mai shagon bai ma san an yi ba. Ayar da ke yin aiki a cikin bayaninki dole ce, ki kawo fassararta da lambarta. Wadda aka sa don albarka, shafin sadaukarwa da na godiya naki ne, a can ki yi bisimilla, ki gode wa Allah yadda ranki ke so, ba a jarraba ɗalibi a kansu. Tsofaffin kwafin da ke hannunki masu ayoyi kuma ki tattara su ki ƙona a wuri mai tsabta.

Maigidanki ya ga gajiyarki ne, ya ga kuɗin makaranta da yaran da kike bari, yana so ki fita lafiya. Ki gode masa, amma cire komai zai rage wa aikin daraja, don kundi a kan shayarwa a unguwannin Musulmi da bai taɓo addini ba ya bar rabin amsar a waje. Shawarar ƙawarki ce nake so ki yi nesa da ita, nesa sosai. A ƙasar nan mun ga yadda kalma ɗaya ta zargin wulaƙanta addini a makaranta ta zama wutar da ta ci rai, kuma wanda ya kunna ta bai isa ya kashe ta ba. Labarin da zai bar bakinki a matsayin "ta zagaye aya ta ce in gyara" zai isa zaure na uku a matsayin "ta soke Alƙur'ani". Ke kin ga takardar, kin san ba haka aka yi ba. Kada ki ɗauki hoton shafin nan ki tura wa kowa, ki kuma roƙi ƙawar taki ta rufe bakinta, don amanar ran matar nan tana wuyanku.

Ki gyara babin cikin mako guda, ki nemi ganin malamarki ita kaɗai, ki shiga da sabon babin da littafin ƙa'idojin makaranta a hannu. Ki ce mata kin fahimci gyaranta, kin cire hadisin da ba ki samu tushensa ba, kin mayar da ayoyin sashen da ke bayanin abin da matan suka yi imani da shi, kina so ta duba ko tsarin madogarar ya yi. Zato mafi ƙarfi shi ne za ta karɓa, malami yana son ɗalibin da ya ji gyara ya dawo da abin da ya fi wanda aka nema. In kin ga fuska, a ƙarshe ki gaya mata cikin ladabi cewa maganar da ta yi a gaban aji ta yi miki ciwo. In ba ki ga fuska ba, ki bar shi sai bayan kin kare kundin. Idan kuwa bayan duk wannan ta ce ko a matsayin bayanin abin da mata suka faɗa ba ta yarda a ambaci aya ba, to nan ta wuce ƙa'ida, kina da haƙƙin neman a shiga tsakani. Ki fara da malami na biyu da ke duba aikin in kina da shi, sai jami'in karatun gaba da digiri na sashenku, sai shugaban sashe. Ki kai maganar a matsayin saɓani kan hanyar bincike, ki tambaya a rubuce, ki ajiye kwafin kowane gyara da kwanan watansa.

Na bar Baba a ƙarshe don shi ne ya fi sauƙi, in kin bi ta inda ya dace. Kada ki je masa da "malamata ta ce". Ki je da daddare bayan ya sallami ɗalibai, ki durƙusa ki ce kin zo ɗaukar karatu. Ki karanta masa hadisin WhatsApp ɗin ki tambaye shi ingancinsa. Ki karanta ayar ki tambaye shi ko ta hana ba jariri ruwa. Ki tuna masa yadda littattafan da yake karantarwa a zaure, har da na Shehu Usmanu da ƙaninsa Abdullahi, suke cewa wane ya ce a littafi kaza, in an gama ɗauko maganar a rufe da "intaha", wato ya ƙare, don kada ta cakuɗu da ta marubuci. Ki ce masa abin da jami'a ke nema a wurinki ke nan. Sannan ki ba shi aiki. Akwai hadisin Judama 'yar Wahbu a Muwaɗɗa da Sahihu Muslim, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya yi niyyar hana gila, wato kusantar mace tana shayarwa, sai ya tuna Rumawa da Farisawa suna yi kuma bai cutar da 'ya'yansu ba. Hadisin nan ya shafi bincikenki kai tsaye, don tsoron samun ciki a kan goyo yana cikin abin da ke sa a yaye yaro ba shiri a garuruwanmu. Ki roƙi Baba ya buɗo miki shi a Muwaɗɗarsa, ya nuna miki babin, ke kuma ki kwafi sunan maɗaba'a da shekarar bugun daga bangon littafin nasa ki sa a manazarta. Sunansa kuma ya zo a layin farko na shafin godiya.